Amsa ga ƙanena da ya tambaye ni kan ƙwallon Sudan

Assalamu alaikum ƙanena,

Na ga tambayar da ka jefo min a bainar jama'a, wai ni da bakina baya rabuwa da zancen ƙwallo in faɗa maka gaskiya, shin ba rashin imani ba ne Al Hilal da Al Merreikh suna can ƙasar wasu suna murza leda alhali ana kashe 'yan uwansu a Khartum da Darfur. Toh tunda a fili ka tambaya bari in baka amsa a fili.

Ni dai ban ga rashin imani ba. Ranar 15 ga Afrilun 2023 da sojojin gwamnati na Janar Burhan da mayaƙan RSF na abokin gabarsa Hemedti suka fara ɓarin wuta gasar lig ɗin Sudan ta tsaya cak, kuma kulob ɗin nan biyu duk a Omdurman suke, inda wutar ta fi ci. Ɗan ƙwallo fa ma'aikaci ne, ƙafarsa ce jarinsa, shekarun cin abincinsa kuma ba su da yawa, in ya zauna shekara biyu bai taɓa ƙwallo ba to ya tashi aiki, ga iyali sun yi gudun hijira suna jiran ya turo na cefane. Shi yasa a kakar 2024/25 suka shiga lig ɗin Muritaniya, ka duba taswira ka ga nisan Nouakchott da Omdurman, daga wannan gefen Afirka zuwa wancan. Al Hilal ma su suka ƙare a saman tebur a gasar mutane, suka kai kwata fainal a Champions League na Afirka kafin Al Ahly ta Masar ta fitar da su. Daga baya kuma duk su biyun suka koma lig ɗin Ruwanda.

Kuma wannan gardamar taka ta girmi kakanninmu. A 1914 da yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke Ingila ba ta dakatar da lig ba, aka yi ta zagin 'yan wasa a jaridu ana cewa ragwaye ne sun ƙi zuwa fagen daga, har aka buga fainal ɗin FA Cup na 1915 a Old Trafford, Sheffield United ta ci Chelsea 3-0, wajen cike da sojoji sanye da kaki. Bayan nan aka rufe sai 1919. Da na biyu ya zo a 1939 wasa uku kacal aka yi aka tsaya, amma abin da zai baka mamaki gwamnati da kanta ta bari aka dawo da wasannin yanki-yanki don mutane su samu abin ɗebe kewa, soja ɗan ƙwallo duk inda aka jibge shi sai ya bugawa kulob ɗin da ke kusa a matsayin baƙo, har ƙaramin kulob irin Aldershot da ke jikin bariki ya wayi gari da manyan 'yan wasan ƙasa. Bom ya faɗawa Old Trafford a 1941, Man United ta koma aron filin Man City har 1949, (ku 'yan United ku riƙe wannan kafin ku ƙara cika baki). Kofin duniya na 1942 da na 1946 kuwa ko ɗaya ba a yi ba.

Inda abin yake cina daban ne da inda yake cinka. Wa ke da kuɗin jirgi da otal na shekara guda a ƙasar waje? Manya ne kawai. Ƙananan kulob na garuruwa, da yaran unguwa da ya kamata a ce yanzu ake tsinto su, da mai sayar da shayi a bakin fili, su ba wanda ya gayyace su ko'ina. Ranar da aka ajiye bindiga za a tarar manyan sun ƙara gogewa a waje, ƙananan kuma sai an fara daga tushe, dama can gasar ta kulob biyu ce kusan kullum, toh ina ga yanzu.

Ka ce 'yan gudun hijira ba ƙwallo ce a gabansu ba, gaskiya ne abinci da tsaro ne a gaba. Amma ka tuna Oktoban 2024, Sudan ba ta da filin gida sai aro a Bengazi ta Libiya, kocinta Kwesi Appiah ɗan Gana, ta riƙe Gana canjaras a Akara sannan ta zuba mata 2-0. Nijar ta lallasa su 4-0 bayan nan, duk da haka su suka samu tikitin AFCON, wato gasar cin kofin Afirka, Gana mai zaman lafiya da kofi huɗu a kabad ta zauna a gida. Kana ganin ɗan Sudan da ke zaune a sansani a Chadi da rediyo a kunne ranar nan haushin 'yan wasan ya ji? Ni ban yarda ba wallahi.

In dai wanda za ka zarga kake nema, Burhan da Hemedti suna nan da ransu, ka fara da su.

Naka,
yayanka