Wasiƙar Makaranta Zuwa Ga Iyaye: Maganar Mantuwa Da Barcin Yara

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara, da fatan kuna lafiya, ya ƙoƙari?

A wannan zangon ajin kimiyya ya zagaya sosai, yara sun ji cewa hasken rana sai ya yi wajen minti 8 a hanya kafin ya iso mana, sun kuma ga yadda ruwa ke zama ƙanƙara ya koma tururi alhali ƙwayoyinsa ba su canza ba, motsinsu ne da tazarar da ke tsakaninsu ke sauyawa. Amma darasin da muke so ya biyo su gida shi ne na ƙwaƙwalwa, tunda jarabawa ta matso.

Tun wajajen 1880 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya yi ta haddace gaɓoɓin kalma da ba su da ma'ana yana gwada kansa, sai ya gano mantuwa ta fi gudu a awannin farko bayan karatu, daga nan take lafawa, kuma abin da aka maimaita a rarrabe, yau kaɗan jibi kaɗan, ya fi zama a kai fiye da wanda aka danna a dare ɗaya. To kun ga yaron da ya manta ba daƙiƙi ba ne, haka kan kowa yake, har namu malaman.

Sai barci, wannan kam yana damun mu wallahi. Akwai wani sashe can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus, shi ke fara karɓar sabon abu, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke sake bin abin tana ƙarfafa shi har ya zauna. Likitoci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, matashi kuma awa 8 zuwa 10, amma mu kullum muna ganin masu gyangyaɗi tun darasin farko, wasu waya ce ta cinye musu dare.

Roƙonmu dan Allah, da yamma ku ware minti goma, a rufe littafi, ku ce yaron ya faɗa muku abin da aka koya da bakinsa, a yaren da ya fi sakewa. Ko ba ku san darasin ba ba komai, ƙoƙarin tunowar nan shi ke kafa abin, ya fi a yi ta kallon shafi. In ya kakare ya buɗe ya duba, bayan kwana biyu ku sake tambayarsa.

Mai tambaya ya samu malamin ajin ɗansa bayan an tashi. Mun gode, Allah ya raya mana su.

Hukumar makaranta