Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban makarantar da ya tambaye ni game da yaran tsibirai

Assalamu alaikum Malam, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka.

A taron malamai da aka yi a Gombe ka tambaye ni a bainar jama'a ko akwai wani abu, ban da talauci, da yake hana yaran tsibirai masu nisa sa ran shiga jami'a. Amsata ita ce akwai, kuma babba ne: yaro yana auna burinsa ne da abin da zai bari a baya idan ya tafi, da kuma ko ya taɓa ganin wanda ya tafi ya dawo.

Dubi tsibiran Shetland da ke arewacin Sikotilan. Ɗan ƙasar ba ya biyan kuɗin karatun digirin farko a jami'o'inta, don haka ba kuɗin makaranta ne matsalar ba. Amma jirgin ruwa daga Lerwick, babban garin Shetland, zuwa birnin Aberdeen mai jami'o'i yakan kwana a hanya, tafiyar kusan awa 12, kuma yaran wasu ƙananan tsibiran tun a sakandare suke barin iyayensu su zauna a ɗakunan kwanan ɗalibai. Ga kamun kifi da aiki a tashar mai ta Sullom Voe da ke Shetland suna ba matashi abin hannu tun da wuri. Wanda yake ganin sa'o'insa suna samu a gida, da wuya ya zaɓi shekaru huɗu a baƙon gari, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Inda aka gane haka, sai aka matso da karatun kusa da ɗalibi. Jami'ar Kudancin Fasifik, wadda aka kafa a 1968 kuma ƙasashen tsibirai 12 suka mallaka, hedikwatarta tana Suva a Fiji, amma tana da cibiyoyi a ƙasashen da suka haɗa ta, tana kuma koyarwa daga nesa. Haka ma jami'ar tsaunuka da tsibiran Sikotilan, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 2011, tana da kwalejoji a tsibiran Shetland da na Orkney.

Mu ma muna da namu. Ɗan masunci a tumbunan tafkin Chadi, inda rikici ya rufe makarantu da dama, ko a gungunan Yawuri, dole ya haye ruwa ya nemi gari mai cibiyar kwamfuta kafin ya rubuta jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, domin tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, alhali wataƙila bai taɓa taɓa kwamfutar ba. Idan mace ce, tambayar iyaye ta farko ita ce a hannun wa za ta zauna, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa, ba raini ba.

Ka ce ɗalibanka na ƙauyukan da ruwa yakan yanke da damina ne. Jami'ar Jihar Gombe tana nan tun 2004, ta Tarayya da ke Kashere tun 2011, to amma nawa ne cikin ɗaliban naka suka taɓa shiga harabar ko ɗaya? Ina roƙonka ka kai 'yan aji biyar su gani da idonsu kafin lokacin cike fom, sa'annan ka gayyato tsofaffin ɗalibanka da suka gama, musamman mata, su zauna da iyayen yara su faɗa musu kuɗin haya da na abinci, da kuma inda ɗalibi yake kwana.

Wassalam,
ɗan'uwanka a aikin koyarwa, daga Gombe.