Don Allah a daina soka wa shanu allura a cinya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu turke da masu yi wa shanu allura. Ni sana'ata kilishi, gadonta na yi, kuma mai kilishi ba shi da kamar cinya, don ita ce tsokar da za ka zare ta shimfiɗu kamar tabarma ba ta yage ba. To satin da ya wuce na sayi cinya biyu masu kyau a ido, ina sa wuƙa a ɗayar sai na ci karo da wani dunƙule can ciki, fari-fari mai tauri kamar jijiya, tsakiyarsa da ruwa mai wari, da gani ka san gurbin allura ne. Sai da na yanke wajen kilo guda na zubar, kuma mahaucin ba laifinsa ba ne, shi ma haka ya sayo a kara, fata ta rufe komai.

Maganin nan oxytetracycline mai daɗewa a jiki da ake ce wa LA, ƙona tsoka yake yi inda ya sauka, wurin ya mutu, jiki ya cike shi da tabo, tabo kuwa ba ya komawa nama. Balle a ɗura sirinji guda a wuri ɗaya, ko a yi da allura mai datti wadda ta zaga garke har ta dakushe, nan kam ƙurji ne da mugunya. Kuma taurin ba a dunƙulen yake tsayawa ba, masu bincike a Amurka sun auna sun ga naman da ke kewaye har wajen inci 3 shi ma ya yi tauri, shi ya sa wani lokacin ka sayi tsire ka yi ta tauna ka ce tsohuwar saniya ce, alhali ɗan bijimi ne. Sun ma ga allurar da aka yi wa maraƙi tana nan da tabonta bayan sama da shekara.

Su ma can sun sha wannan asarar. A farkon shekarun 1990 kusan ɗaya cikin biyar na tsokar saman katara da suka duba akwai tabon allura, zuwa 2000 ya sauko ƙasa da kashi 3 cikin 100, kuma ba wani siddabaru suka yi ba, wuri kawai suka canja. A yi a wuya, gaban kafaɗa, in kwalba ta yarda a yi ƙarƙashin fata to kar a shiga tsoka, kuma kar a wuce mililita 10 na magani a wuri ɗaya, a raba. Naman wuya dama na miya ne, ko ya samu tabo asarar da sauƙi.

Na san abin da za a ce, ƙaho. Gaskiya ne wallahi, wanda ya taɓa tsayawa gaban rahaji ya san dalilin da ake zagayawa ta baya. Amma ai igiya na nan, a ɗaure kan a jikin turke, mutum biyu sun isa.

Sai masu yi wa saniya mara lafiya allura yau don ta miƙe gobe a kai ta kasuwa. A jikin yawancin kwalaben LA an rubuta kwana 28 kafin yanka, wa yake ƙirgawa? Jama'a ne ke cinye ragowar maganin da 'ya'yansu.

Roƙona ga malaman dabbobi, su riƙa shiga kara ran kasuwa, Wudil ran Juma'a, Dambatta ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis, su kama sa guda su nuna wa mutane wurin da hannu, don yawancin masu yin allurar nan a kemis suka sayo magani, ba wanda ya taɓa nuna musu.

Naku,
Wani mai kilishi daga Kano