Wasiƙa daga Agege

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya ɗalibai, ya sanyin Zariya? Mu nan sai godiya.

Gardamar da muka bari a waya ce ta hana ni sakat. Ka ce zamanin alli da allo ya wuce, yanzu a tara bayanai a zuba wa kwamfuta ta ba da amsa. Ka san dai da wannan aikin nake cin abinci a Yaba. Kullum ina ɗura wa na'ura alƙaluman ciniki, tana faɗa mana abin da zai shiga kasuwa wata mai zuwa, sau da yawa kuma ta dace. Amma in na nemi dalili, sai shiru.

Ranar Asabar na kai yara bakin teku a Lekki. Suna wasa da yashi, ni kuwa na zuba wa ruwa ido, na tuna tsibirin Principe yana can kudu maso gabas, a cikin wannan tekun namu. Can masanin taurari Eddington ya kafa madubin hangen taurari yana jiran husufin rana na 29 ga Mayu, 1919, har hadari ya kusa ɓata masa aiki. Me ya ɗauko shi tun daga Ingila? Ai tun 1915 Einstein ya lissafa cewa hasken tauraro zai lanƙwasa in ya gifta kusa da rana, har ya faɗi gwargwadon lanƙwasar. Wannan lissafin Eddington ya je gwadawa. Ba don haka ba, wa zai yi wannan dako?

Labarin Dirac, masanin kimiyyar fiziks, ya fi taɓa ni. Lissafinsa na 1928 ya fito da amsar da ba a nema ba, bai share ta ba, ya bi ta har ya ce ilektiron, ɗan mitsitsin ƙwayar da ke cikin zarra, yana da kishiya mai kama da shi amma cajinta akasin nasa. A 1932 wani masani, Anderson, ya gan ta a gwaji. A wace ma'ajiyar bayanai za a tono abin da ido bai taɓa gani ba?

Ban raina awo ba, wallahi. Awon masanin taurari Tycho Brahe ne ya sa takwaransa Kepler ya rabu da ra'ayin cewa duniyar Mars tana zagaya rana a da'ira. Sai dai siffar ƙwan da ya maye gurbinta da ita ba a rubuce take a takardun Tycho ba, Kepler ne ya yi shekaru yana fama har ya kamo ta.

Don Allah ka riƙa barin ɗalibanka su yi hasashe a takarda kafin su kunna kwamfuta. Ina tafe da babbar Sallah in Allah ya kai mu, ka tanadi allo.

A gaida Hajiya da yara.

Naka,
amininka na Agege