Tsarabar bana, da abin da ban samu a kanti ba

Bochum, Jamus

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kai da iyali da su Baba da Umma. Yaya gwiwar Baba? Ranar Juma'a da muka yi waya ya ce mini da sauƙi, amma ka san shi, ko ta hana shi tashi haka zai ce. Ni lafiya lau, sai sanyi. Ƙarfe biyar na yamma gari ya riga ya yi duhu, in na taso daga asibiti sai in ga kamar na makara sallar Isha.

Abokina ɗan Fagge zai taho gida ƙarshen wata, ta filin jirgin Malam Aminu Kano zai sauka. Akwati biyu aka yarje masa, kowanne kilo 23, ya yafe mini kilo shida. Na san abin da ake jira: turare, takalmi, waya. To, ba su na saya ba. Kayan wasa na saya, irin waɗanda ake shimfiɗawa a zauna kewaye da su kamar lido. Kafin ka ce sanyin Turai ya taɓa mini kai, ka ji ni tukuna.

Ka tuna wayar da na aiko wa yara bara. Wata biyu ba a yi ba Umma ta kira ni, ta ce na mayar mata da gida maƙabarta, kowa ya shige lungu ya sunkuyar da kai, ko mai zuwa niƙa babu. Daga baya aka yi ta faɗa a kanta har gilashin ya tsage. Ni da na ce zan faranta musu, sai ga shi dara ta ci gida. Tun daga ranar nake neman abin da ba ya yiwuwa sai mutum ya kira ɗan'uwansa.

Mutanen nan kuwa wasan zaune ba na yara ba ne a wurinsu. A Essen, wadda ba ta fi tafiyar minti goma sha biyar a jirgin ƙasa daga nan ba, duk watan Oktoba ana baje kolin waɗannan wasanni kwana huɗu, tun 1983 ake yi. A 2024 mutum sama da 200,000 suka je. Wani abokin aikina ya ja ni, na ga tsofaffi da furfura sun duƙufa a kan teburi suna gardama a kan itace da tumaki na kwali. Har kyauta suke da ita ta gwarzon wasan shekara tun 1979, duk wanda ya ci sai a buga masa wani jan tambari a jikin kwalin. Na ruɗe, gaskiya. Sai da na daina kallon kayan na koma kallon tsakar gidanmu a zuci: wa zai zauna a tabarma, wa ya iya karatu, wa ke saurin fushi, minti nawa ne tsakanin Magariba da Isha in an ɗauke wuta. A nan ne akasarinsu suka faɗi.

Na farko da ya faɗi wani ne na tseren raƙuma, Camel Up, wanda ya ci kyautar a 2014. Kwalin ya burge ni, har na ɗauka. Da aka bayyana mini yadda ake yi, ashe kuɗi ake zubawa a kan raƙumin da zai zo na ɗaya. Kuɗin wasa ne, amma sunansa caca, na ajiye. Akwai wani mai suna Targi, a kan Buzaye, ana cinikin dabino da gishiri da barkono. Na so shi don ya tuna mini labarin fataken da ke sauke kaya a Kurmi, sai dai katunansa cike suke da Jamusanci. Monopoly ma ban saya ba, duk da cewa tun 2012 akwai na birnin Legas. Ba ya ƙarewa da wuri, kuma ba ya ƙarewa sai an tsiyata kowa an bar mutum ɗaya. Mu da rabon naman Sallah ma sai Umma ta tsaya a kai.

Sai maganar ƙwayar lido, mai ɗigo-ɗigon nan da ake kaɗawa a jefa. Ba ka manta ranar da Baba ya same mu da lido a zaure ba, ya karanto mana hadisin nardi da ke cikin Sahihu Muslim, ya sa aka kai allon murhu. Ni ba malami ba ne, ba kuma zan aika masa gida da abin da ya taɓa ƙonawa ba. Saboda haka duk abin da zai shiga cikin gida babu ƙwaya, babu kuma rubutu.

Na yara da Umma sunansa Qwirkle. Gutsattsarin katako ne 108, launi shida, siffa shida. Ana jera su ne ko dai launi ɗaya siffa daban-daban, ko siffa ɗaya launi daban-daban, wanda ya cika layi shida ya kwashi maki mai yawa. Ɗan shekara shida zai iya, mai shekara sittin ma ba zai raina ba. Na zaɓe shi don katako ne, ƙurar hunturu ba ta yi masa komai, in miya ta zuba a goge. Ka dai ja kunnen 'yan biyu su riƙa ƙirgawa kafin a mayar cikin jaka, kuma a ɗaga shi sama da inda mai rarrafe da akuyar Umma za su kai.

Na matarka da Auta shi ne Azul, kuma shi na fi so. Wasu 'yan duwatsu ne masu sheƙi kamar alewa, kowa yana ɗiba yana ƙawata bangonsa. An ɗauko shi daga tayil ɗin adon bango na ƙasar Fotugal, wanda sunansa ma daga Larabci ya samo asali. Da ido za ka ce wasan ado ne. Mugunta ce zalla a ciki, domin in ka lura da launin da na kusa da kai ke jira sai ka riga shi, ka bar masa tarin da ba shi da wurin sawa, a yanke masa maki. Mutum biyu zuwa huɗu ne, ana gamawa cikin kamar rabin awa. Auta da ke iya tsara zanen lalle a kanta kafin ta ɗora a hannu, ina jin ba mai kayar da ita.

Na uku naka ne da 'yan majalisarku ta Kantin Kwari. Catan ke nan, wanda wani Bajamushe mai haɗa haƙoran roba, Klaus Teuber, ya fitar a 1995. Tsibiri ne, kowa yana gina hanya da ƙauye, ana neman itace, bulo, ulu, alkama da tama, wanda ya fara kai maki 10 ya ci. Daɗinsa ba wanda ke da komai, dole a yi musaya: ba ni alkama ɗaya in ba ka tumaki biyu, albarka, ƙara dai. Da na ga yadda Jamusawa ke ciniki a ciki, dariya ta kama ni. Ba tayi, ba rantsuwa, ba tashi a yi kamar za a tafi. Na ce Allah ya kai wannan kwali hannun masu sayar da atamfa. Shi yana da ƙwaya biyu, shi ya sa na ce majalisa. Duk da haka na yanka kati 36 na rubuta lambobi daga 2 zuwa 12 gwargwadon yadda suke faɗowa: 7 sau shida, 6 da 8 sau biyar-biyar, haka har zuwa 2 da 12 sau ɗai-ɗai. A cakuɗa a riƙa ja maimakon jifa. Ko wannan dabarar ta fitar da mu, sai ka tambayi malaminku. Ƙa'idojin na rubuta da Hausa a takarda huɗu, suna cikin kwalin.

Babban ɗanka ya roƙe ni Scrabble, wai yana so ya zama kamar Wellington Jighere, ɗan Najeriyar da ya ci gasar duniya a Ostareliya a 2015. Ban saya ba, domin na nan na Jamusanci ne, haruffan da makinsu duk daban. Ka duba masa na Turanci a Sabon Gari, zan turo kuɗin. In za su yi da Hausa, su ware wasu haruffa su yi musu ƙugiya da biro, tunda Bature bai san da ɓ da ɗ da ƙ ba.

Saura Baba. Na zaga rumfunan nan kaf ban ga abin da zan miƙa masa ba tare da jin kunya ba. A jirgi ina komowa na tuna gindin darbejiyar ƙofar gida, shi da marigayi Kawu bayan La'asar, ramuka talatin a ƙasa, biyar a shida, ɗaya da tsakuwa goma sha biyu ɗaya da kara goma sha biyu. Ba hira suke ba, sai dai ka ji “ci” in wani ya jera uku. Tun da Kawu ya rasu ban ji an ce ya sake zama ba. Kowa ya ce rashin abokin ne, ni kuma ina zargin har da gwiwar, don tsugunon ya fi ƙarfinsa yanzu.

Ga roƙona. Ka sami kafinta ya yi ɗan teburi daidai tsayin kujerar Baba, da katako mai nauyi, ya fafe ramuka talatin a sama, ya yi aljihu a gefe na zuba 'ya'yan. Kada a shafa masa fenti mai ƙyalli, zai ce na 'yan gayu ne. Kada kuma a ce daga gare ni yake. A ajiye a zaure kawai, ka tura babban ɗanka ya ce yana so a koya masa. Baba ba zai nemi abokin wasa ba, amma bai taɓa korar ɗalibi ba.

In ɗan Faggen zai dawo, a ba shi kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yajin Umma. Ban da kilishi, ba a barin nama ya shigo nan, ƙwacewa ake yi a filin jirgi.

In teburin ya samu, ka tambayar mini Baba abu ɗaya. Akwai wani ɗan Damagaram a nan da muke dara a kan kwali da wake da masara. Ya dage wai in ka jera uku tun ana zuba 'ya'ya, kafin a fara tafiya, ci ne. Ni na ce ba a yi. Mun yi alkawarin duk abin da Baba ya faɗa shi ke nan.

A gaida Umma da Gwaggo da duk mutanen layi.

Ƙaninka.