Gine-ginen gwamnati a kulle, 'yan gudun hijira a kango

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a shirinku na rediyo ranar Asabar ya ɓata mini rai, mai gabatarwa kuma ya ƙara da ya ƙyale shi ya wuce ba ko tambaya. Wai babu inda za a ajiye 'yan gudun hijira sai an samu fili, an ware kuɗi, an ba da kwangila. A wane gari yake zaune? Duk mai yawo cikin Sakkwato ya san gidajen ma'aikata da ciyawa ta cinye, da ofisoshin da aka tashi aka garƙama musu kwaɗo, da gidajen da aka kai har rufi aka watsar. Awaki ke kwana ciki, sai 'yan shaye-shaye da dare.

Ƙanwata tana hannuna tun da 'yan bindiga suka kashe mijinta a gona a ƙasar Sabon Birni. Ta zo da 'ya'yanta da uwar mijinta, tsohuwar da ko gani ba ta yi sosai. Gidan haya nake, ciki da falo. Mata da yara sun cika ɗaki, ni da samari muna shimfiɗa a zaure, mai gida kuma kullum maganarsa mun yi wa masai yawa. Duk da haka ita ta yi sa'a, tana da ɗan'uwa a birni. Matan ƙauyensu da suka shigo mota ɗaya suna cikin kangon wani bawan Allah, sun kare taga da buhu, ba bayan gida, ba ruwa. Da bazara zafin Sakkwato ya gasa su, da damina su kwana a tsaye riƙe da jarirai. Ranar da mai kango ya samu kuɗin siminti, sai a ce su kwashe. Matan da a garinsu ke da rumbu cike da gero, yau su ke miƙa hannu a bakin masallaci da shataletale. Kusa da kangon nan kuwa akwai ginin gwamnati mai ɗakuna jere, da katanga, da rijiyar burtsatse, da maigadi mai gadin iska. Na je neman a buɗe musu ko ɓangare ɗaya, aka ce in rubuto takarda. Na rubuta. Shiru kake ji.

Baƙonku ya ce in an sa su ba za su fita ba, kuma akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto a cikinsu. Wannan magana ta yi mini ciwo. Mutumin Isa ko Rabah ko Goronyo ba sha'awar birni ta kawo shi ba, gonarsa yake so, ranar da hanya ta yi lafiya ba sai an kore shi ba. Batun tantancewa kuma, kowa a cikinsu yana da hakimi da mai unguwar da ya san shi har kakansa. A rubuta sunaye, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha (SEMA) ta riƙe rajista. Ashe wanda ke gida ɗaya mai ƙofa ɗaya bai fi sauƙin sa ido ba a kan wanda ya watsu cikin kangaye?

Tun harin Tabanni na 2018 da aka tara mutane a Gandi ake wannan magana. Aka kai hari kasuwar Goronyo a 2021, jama'a suka ƙara kwararowa. 'Yan'uwanmu da suka tsallaka Gidan Rumji a jihar Maraɗi, Nijar ta karɓe su, aka mayar da wasu Garin Kaka da Chadakori nesa da iyaka, aka ba su matsuguni. Nijar fa! Mu kuwa a garin da masu hijira suka kafa, waɗanda suka bi Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804, mun rasa mai ɗauko makulli. Ku aiko wakilinku, ni zan zagaya da shi gini bayan gini, ku karanta sunayensu a rediyo kowa ya ji.

Sai kuma layin wayarku. Kuna cewa a kira, amma muryoyi uku zuwa huɗu muke ji kowane mako, su ɓata minti biyar suna gaishe da abokai da ubangidansu. Mu masu magana kati ya ƙare muna jiran a ɗauka. Ku ƙara layi, ko ku riƙa karanta saƙon tes.

Naku,
Mai sauraro daga Mabera, Sakkwato