A zaɓi mai ba da shaida da ya ga aiki da idonsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin matasanmu na Maraɗi a kan wani sashe na dosiyen neman aiki da akasarinsu ke cikewa a gurguje, wato inda ake rubuta sunayen mutanen da za a tuntuɓa su ba da shaida a kan mai nema. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a jiharmu, daga Madarumfa har Dakoro da Tasawa, sukan buƙaci sunaye uku a ƙarshen CV, wato takardar tarihin karatu da aikin mai nema, kuma galibi ba sa buga waya sai an gama jarrabawa da ganawa, lokacin da ƴan takara biyu ko uku suka rage. A wannan mataki mutum yakan rasa aiki ba tare da ya taɓa jin abin da aka faɗa a kansa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne neman babban suna. Saurayi zai rubuta sunan wani attajiri ko basarake ko tsohon ɗan majalisa, saboda abokin mahaifinsa ne, yana zaton girman sunan zai buɗe masa ƙofa. Amma mai ɗaukar ma'aikata tambayoyinsa sanannu ne: wane aiki ya yi a ƙarƙashinka, tsawon wane lokaci, yana zuwa a kan kari, an taɓa damƙa masa kuɗi ko kaya, kuma da za ka samu dama za ka sake ɗaukarsa? Babban mutumin da bai taɓa ganin aikin yaron ba, iyakar abin da zai ce shi ne "ɗanmu ne, yana da ladabi", kuma wannan amsa ba ta cike ko layi ɗaya a takardar da ke gaban mai tambaya.

Abin mamaki shi ne mu Maraɗawa mun daɗe da sanin wannan ƙa'ida. Alhazan babbar kasuwa ba sa miƙa wa sabon yaro makullin shago ko su aike shi Kano da kuɗin kaya sai sun tambayi wanda ya yi wa aiki a baya da wanda zai tsaya masa, kuma maganar maƙwabcin rumfa da ya ga yadda yake ƙirga kuɗi ta fi nauyi a wurinsu a kan ta kawunsa. Gani ya kori ji. Ofis ma haka yake aiki, sai dai shi a rubuce.

Wanda ya fito daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo bai taɓa aikin albashi ba kada ya ce ba shi da mai shaida. Malamin da ya duba kundin binciken kammala karatunsa ya san hazaƙarsa da jinkirinsa. Haka shugaban sashen da ya yi sitaj a wurinsa, da daraktan makarantar da ya koyar lokacin bautar ƙasa, da jagoran tawagar da ya yi aikin rigakafi ko ƙidaya tare da ita. Waɗannan ne ya kamata a sa gaba, a bar ƴan uwa na jini, domin shaidarsu ba ta karɓuwa ko da gaskiya suka faɗa.

Sannan wajibi ne a nemi izinin mutum kafin a rubuta sunansa. A je a gaishe shi, a kai masa kwafin CV da sanarwar aikin, a tuna masa shekarar da aka yi aiki tare da abin da aka yi, domin malamin da ɗaruruwan ɗalibai suka wuce ta hannunsa ba zai tuna kowa ba idan aka kira shi kwatsam. Idan aka ga yana noƙewa, gara a yi masa godiya a nemi wani, saboda shaida mai sanyi ta fi rashinta illa. A kuma tabbatar lambar wayarsa tana aiki, tun da yawancinmu muna sauya layi tsakanin Airtel da Moov da Zamani, a rubuta muƙaminsa da dangantakar aikin da ke tsakani.

Akwai kuma batun takarda. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta wajabta wa mai ba da aiki ya ba ma'aikaci takardar shaidar aiki idan kwangila ta ƙare, mai ɗauke da ranar farawa da ranar gamawa da irin aikin da aka yi. Ya kamata a karɓe ta nan take, domin yawancin ayyukan ƙungiyoyi na ƙayyadadden lokaci ne, kuma da zarar an rufe ofis ma'aikata sun watse, samun mai sa hannu yakan zama wahala.

Ga manyanmu da ake rubuta sunayensu, wannan amana ce. Yabon wanda ba a san aikinsa ba shaidar zur ce da ke tauye haƙƙin wani ɗan takara, haka ma ɓata sunan tsohon yaro saboda ya bar ka ya nemi inda ya fi. Ina kuma kira ga ofishin ANPE, hukumar ƙasa mai kula da samar da aikin yi, na Maraɗi da hukumomin jami'a su sa wannan batu cikin horon da ake yi wa matasa kan rubuta CV da wasiƙar neman aiki.

Na gode.

Wani mai karatu,
Unguwar Zariya, Maraɗi